Ƙaramin ɗaki a Obalende: yadda aka mayar da shi salon bakin teku da kuɗin adashi

Ɗakin da wannan nazari ya shafa na ƙanwata ne, malamar firamare, a gidan da take haya tare da mahaifiyarmu a wani tsohon bene da ke Obalende a Legas. Faɗinsa ƙafa 10, tsawonsa ƙafa 12, daga ƙasa zuwa silin ƙafa 9, yana da ƙofa ɗaya da taga ɗaya mai kallon kudu maso yamma, wato ɓangaren da iskar teku ke kaɗowa Legas a mafi yawan watannin shekara. Na bi aikin tun ranar da ta fara maganarsa har aka ci damina guda bayan kammala shi, kuma na ga ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla, domin an yi kuskure a cikinsa, an yi asara, kafin a gano inda gizo ke saƙar.

Burinta yana da asali. Muna yara ana kai mu bakin tekun Bar Beach yawon Sallah, kafin a cike wurin da yashi a fara gina Eko Atlantic a kansa, kuma ta ce tana so idan ta dawo daga makaranta ta buɗe ƙofar ɗakinta ta ji irin sakewar da take ji a can. Abin da ke hannunta kuwa kwasar adashi ce guda ɗaya, wadda ba ta kai kuɗin sabon saitin gado ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kayan adon da ake shigowa da su daga waje sun fi ƙarfin mai albashin malanta, saboda haka tun daga farko aka san cewa duk abin da zai shiga ɗakin nan sai dai na gida.

Yadda ɗakin yake kafin a taɓa shi

Daga cikin murabba'in ƙafa 120 na ɗakin, gado mai ƙafa 6 da 6 ya cinye 36, ban da katafaren allon kansa mai madubai, wanda ta gada daga yayarmu da ta koma Kano. Kabad mai ƙofa uku ya tsaya a jikin bangon da ke tsakanin ɗakin da banɗaki, gefensa ya toshe kusan sulusin taga. A ƙasa akwai kafet ja mai kauri daga bango zuwa bango, a taga labule mai nauyi ninki biyu, bangon kuma an shafe shi da fenti mai sheƙi ruwan goro. Da tsakar rana sai an kunna ƙwai ake iya neman abu a ciki. Mai shiga yana jin wani wari-wari na tsumman da bai bushe ba, wanda turaren wuta ke danne shi na 'yan sa'o'i ya dawo. Takalman fata da ke ƙasan kabad suna yin fumfuna duk damina, ita kuma ta ɗauki hakan a matsayin halin Legas kawai.

Abin da salon yake nufi

Abin da masu adon ɗaki ke kira salon bakin teku ya samo sifarsa daga wurare daban-daban: gidajen katako na masunta da masu hutu a gaɓar arewa maso gabashin Amurka, musamman jihar Masachusets, fararen gidajen tsibiran Girka, garin Sidi Bu Sa'id na Tunisiya mai farin bango da shuɗin ƙofofi, da tsoffin gidajen Lamu da Zanzibar da aka gina da dutsen murjani da farar ƙasa. Idan aka duba su da kyau, abin da ya haɗa su dabarun zama ne a wurin da rana ke da ƙarfi kuma iska ke ɗauke da laima da gishiri: bango fari domin ya mayar da haske da zafi, taga a buɗe, kaya kaɗan, yadi marar nauyi mai saurin bushewa, da kayan saƙa na ciyawa ko kaba da iska ke ratsawa. Hotunan jirgin ruwa da kifayen roba da ake sayarwa da sunan salon daga baya suka shigo. Ƙanwata ta fara sanin salon ne ta hotunan Pinterest da Instagram, kuma a hoto adon ne ke fara ɗaukar ido, shi ya sa yunƙurinta na farko ya bi ta inda ya bi.

Yunƙurin farko

A watan Yuni, tsakiyar manyan ruwan Legas, ta kira wani mai fenti ta ce a mayar mata da ɗakin fari. Ya ja kabad gefe, ya ga baƙin tabo da ɓawon fenti a bayansa, ya goge da tsumma, ya shafa fentin ruwa kai tsaye a kan tsohon mai sheƙi, ya karɓi kuɗinsa da yamma. Sati na uku tabon ya fara leƙowa kamar taswira, sati na shida fentin ya kumbura yana saɓulewa idan an sa farce. Kusan rubu'in kuɗin adashin ya tafi a nan. Ta kira ni a waya tana cewa, "Yaya, ɗakin nan ba ya son fari." Na je na ɗora tafin hannu a bangon, na ji shi sanyi ƙalau kamar gefen randa, alhali sauran bangwaye uku a bushe suke. A ƙasansa akwai wani farin gari mai kama da gishiri, wanda ke fitowa idan ruwa ya ratsa siminti ya bushe a fuskarsa. Ba iskar Legas ce ke jiƙa bango ɗaya ta bar uku ba. Ruwa ne ke shigowa daga baya.

Gyaran bango, inda mafi yawan aikin yake

Mai gyaran famfo ya gano cewa mahaɗar bututun da ke kai ruwa shawa tana yoyo a cikin bango, ɗigo-ɗigo, ta yiwu shekara da shekaru. Da yake gidan haya ne, ba a fasa bango ba sai da Hajiya, wato mahaifiyarmu, ta sauka da kanta wurin Baba mai gida, dattijo Bayerabe, ta gaishe shi ta nuna masa hoton tabon. Ya ɗauki nauyin bututu da mai gyara, ita kuma ƙanwata ta ɗauki yaɓe da fenti, aka rubuta hakan a takarda kowa ya sa hannu. Ina ganin wannan matakin da muhimmanci ga duk ɗan haya, domin gyaran da aka yi ba da sanin mai gida ba shi ne yake komawa rigima ranar tashi.

Daga nan sai haƙuri. Bangon da ya daɗe yana shan ruwa ba ya bushewa a sati ɗaya, kuma a damina a Legas, inda laimar iska kan haura kashi 80 cikin ɗari, kusan ba ya bushewa ma. Aka kankare fentin wurin har aka kai ga siminti, aka bar shi tsirara, aka cire labule, aka riƙa barin taga a buɗe da fanka a kunne duk lokacin da akwai wuta. Ta zauna da ɗaki mai bango ɗaya a kankare tun daga Agusta har Disamba. Ba ta ji daɗin hakan ba, kuma sau biyu ta so ta kira mai fenti, amma gwajin da muke yi shi ya riƙa hana ta: ana manna 'yar leda mai faɗin tafin hannu biyu a bangon, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta ta kwana biyu. Idan aka ɓanɓare aka ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu, da sauran ruwa. Sai da hunturu ya leƙo Legas a tsakiyar Disamba ledar ta fito a bushe.

An wanke ragowar fumfunar da ruwan bilic da aka tsarma, taga a buɗe, da safar hannu ta roba, ba tare da an gauraya shi da wani maganin wanke-wanke ba, domin haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid yana tayar da iskar da ke cutar da huhu. Sauran bangwayen aka bi su da samfefa har sheƙinsu ya mutu, saboda fentin ruwa ba ya kama fuska mai santsi, wanda shi ne kuskure na biyu da mai fentin farko ya yi. Wannan aikin samfefar ita da ƙaninmu suka yi shi a ranaku biyu na ƙarshen mako, kuma kuɗin ƙwadagon da aka tsira da shi ya sayi galan guda.

An yi muhawara a kan farar ƙasa. Hajiya ta kawo shawarar, ta ce da ita ake shafe ɗakuna a gida tun suna yara, ga arha ga haske. Maganarta tana da tushe, domin farar ƙasar da ake samu daga ƙonannen dutsen laim ita ce sirrin fararen gidajen Girka da Lamu: tana barin bango ya yi numfashi, kuma kaifinta ba ya barin fumfuna ta zauna da sauƙi. Matsalarta ita ce tana son fuska mai shan ruwa, kamar laka ko yaɓen da ba a taɓa yi wa fenti ba, kuma tana iya gogewa a jikin tufafi. A ɗakin da bango uku ke ɗauke da tsohon fentin mai, ba za ta zauna ba. Da sabon yaɓe ne gaba ɗaya, da ita zan zaɓa.

Lissafin fentin ruwa bai da wuya. Bangwaye huɗu, bayan an cire ƙofa da taga, sun kai murabba'in mita 33, silin kuma 11, jimla 44. Lita ɗaya kan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, saboda haka shafa biyu na buƙatar lita 9. Aka sayi galan uku masu lita 4, duka fari, domin ruwan goro launi ne mai taurin kai kuma an san wasu wuraren sai an yi musu shafa ta uku. Daga ciki aka ɗebi lita 2 aka ɗiga musu shuɗin rini na fenti kaɗan-kaɗan, ana gwadawa a kwali ana jira ya bushe, har aka samu shuɗi mai haske irin na sararin safiya. Wannan ya fi sayen galan guda na shuɗi arha, kuma bango ɗaya kaɗai aka shafa da shi, wanda kan gado ke jingine. Ƙarfen taga da ya yi tsatsa saboda gishirin iska aka goge shi da buroshin waya, aka yi masa jan fenti mai hana tsatsa, sannan fari.

Abin da ya fita da abin da ya shigo

Kafet ya fita. Da aka naɗe shi, ƙasansa a jiƙe yake ta gefen banɗaki, kuma a nan rabin warin yake. Abin mamaki, a ƙarƙashinsa akwai tsohon daɓen tarazo mai ɗigo-ɗigon toka da fari, wanda bayan wanki biyu ya fito da kamannin yashin gaɓa, ba a kashe masa ko sisi ba. Gadon da kabad ɗin aka sayar wa wasu sababbin ma'aurata a unguwa, bayan an nemi izinin yayarmu, kuma kuɗinsu ne ya cike gurbin asarar Yuni ya sayi sabuwar katifa mai ƙafa 6 da 4 da rabi. A kan katifa ban yarda a nemi arha ba: ta hannu tana iya zuwa da kuɗin cizo, wanda fitar da shi ya fi kuɗin katifar tsada.

Ragin da aka samu a girman gado murabba'in ƙafa 9 ne, kuma shi ne daidai wurin shimfiɗa sallaya, wadda a da sai dai ta fita falo. Alƙibla a Legas tana arewa maso gabas, wato bangon da ke fuskantar taga, saboda haka aka bar wannan bangon fari fat babu komai a jikinsa. Kafinta ya haɗa gado marar allo da farin katako, ƙafafunsa sun ɗaga ƙafa guda daga ƙasa domin iska ta riƙa wucewa, aka shafa masa farin fenti tsararo aka goge da tsumma tun bai bushe ba, ta yadda zanen katakon ya fito kamar itacen da ruwa ya daɗe yana wankewa. A madadin kabad ya yi kanta buɗaɗɗiya mai hawa huɗu da sandar rataye kaya, aka bar taƙi guda tsakaninta da bango. Wannan ya tilasta mata rage tufafi, ta fitar da jaka biyu ta bayar, kuma a ganina wannan ragin ya yi wa ɗakin aikin da ya fi na fenti.

Masu adon ɗaki suna da wani ma'auni da suke yawan bi: kashi 60 na babban launi, 30 na mabiyinsa, 10 na ƙawa. A nan fari ne 60, ruwan yashi 30, shuɗi 10. Ruwan yashin ya fito ne daga kayan da kowane Bahaushe ya sani. Tabarmar kaba guda a gefen gado, wadda ake iya ɗauka a shanya a rana idan ta ji laima, abin da kafet ba ya yarda da shi. Kwanduna uku na kara daga wurin masu saƙar da ke Mende a unguwar Maryland ta Legas, waɗanda suka shiga ƙarƙashin gado suna ɗauke da zannuwa da takalma. Faya-fayai biyar masu girma daban-daban da aka aiko daga Kano, aka jera su a bangon shuɗi sama da kan gado, yadda iyayenmu ke jera su a ɗakin amarya.

Labule ya jawo 'yar magana. Ta so farin alawayyo daga kasuwar Balogun, Hajiya ta ce, "A'a, 'yar nan, ba za a rataya mini yadin likkafani a taga ba." Aka koma akoko, wanda ba a wanke shi da bilic ba, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙasa, kuma ya fi dacewa da tsarin ma fiye da alawayyon. Tela ya ɗinka shi falle ɗaya, aka kafa sandarsa kusa da silin aka bar ta ta zarce taga da taƙi guda kowane gefe, ta yadda idan an zuge shi ba ya cin ko kaɗan daga hasken tagar, kuma ɗakin yana ƙara tsayi a ido. Gidan sauro fari mai zagaye aka rataya daga silin. Abu ne na dole a Obalende, kuma a cikin wannan tsari ya zama kamar don ado aka sa shi.

Shuɗin yadi shi ne abin da ta fi kashe wa kuɗi a cikin kayan ƙawa, kuma na goyi bayanta. Zane ɗaya ne rinin baba daga karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, aka shimfiɗa shi a ƙafar gado, da rigunan matashi biyu na adire irin na Abeokuta. Rinin baba yana zuba a wankin farko, saboda haka an wanke su daban da ruwan sanyi sau uku kafin a kusantar da su ga farin zanen gado.

Maganar wuri da kifaye

A hotunan da ta tara babu wanda ba shi da kifi, ko tsuntsun teku, ko ƙwaryar dodon koɗi. Siffofin masu rai ta ajiye su da kanta, tunda a ɗakin za ta riƙa salla. Saura wuri, wato 'yar farar ƙwaryar tekun nan, wanda ta so ta yi labulen ƙofa da shi. Wuri yana da tarihi mai tsawo a wurinmu: daga tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya aka riƙa kawo shi, shi ne kuɗin ƙasar Hausa har zuwan Turawa, kuma kalmar kuɗi kanta jam'insa ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dala ɗaya ta azurfa. Ko mashigin ruwan da ya raba Ikoyi da tsibirin Biktoriya, kusa da Obalende, sunan wuri biyar yake ɗauke da shi. Amma a idon baƙon da zai shigo gida yau, wurin da aka rataya a ƙofa yana tuna masa da duba da bori, kuma mace mai zaune a gidan haya ba ta buƙatar irin wannan tsegumi. Aka tsaya a kan tsakiya: kwalbar gilashi ɗaya a kan kanta, rabinta yashin da ta ɗebo a bakin ruwa, da 'yan ƙwaryoyin teku da ta tsinta da hannunta ta wanke ta shanya. Madubi ɗaya da aka ciro daga allon tsohon gado, kafinta ya naɗe gefensa da igiyar rama, aka kafa shi a bangon gefe kusa da taga inda yake kama haske ya watsa shi ciki.

Gyara na ƙarshe ƙwan lantarki ne. Daren farko bayan an gama komai, Hajiya ta leƙa ta ce ɗakin ya yi kama da asibiti, kuma gaskiya ta faɗa. Ƙwan da ke ciki mai lamba 6500K ne, irin mai farin haske da ke karkata zuwa shuɗi, wanda idan ya sauka a kan farin bango da shuɗi sai ɗaki ya yi sanyin da ba na daɗi ba. Aka canza shi da LED mai wat 9 da lamba 3000K, mai haske ruwan zuma, nan take tabarma da faya-fayan suka fito da launinsu.

Bayan damina guda

Idan aka kasa kuɗin da aka kashe a zagaye na biyu, katifa da aikin kafinta ne suka ɗauki kaso mafi girma, sai yaɓe da fenti, sai yadi da ɗinki. Abin da za a kira ado zalla, wato faya-fayai da kwalba da igiyar madubi, bai kai ushirin jimlar ba. Ruwan Yuni da Yuli ya zo ya wuce, na Satumba da Oktoba ma haka, kuma bangon banɗaki bai sake tabo ba. Takalma sun daina fumfuna tunda suka koma kwando. Akwai abubuwa biyu da ba su tafi yadda aka so ba. Kanta buɗaɗɗiya tana tara ƙura a hunturu da hayaƙin janareton maƙwabta, har sai da aka ɗinka mata labulen akoko daga ragowar yadi. Tagar kuma, da yake tana kallon inda ruwa ke bugowa, feshi yana shiga ta tsakanin ganyayyakin gilashinta ya jiƙa gefen labule, wanda ya sa ake wanke shi duk wata a damina. Mai gida ya yi alkawarin kafa 'yar rumfar kwano a saman tagar daga waje, kuma an riga an auna faɗinta, ƙafa 5 da ƙafa 2, ana jiran rani a kafa.